Makullin Maganin Ɗiyata Ya Tafi Biki Bunguɗu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara daga Kucheri, kuma wallahi na gaji.

Ɗiyata Saratu tana makarantar kwana a Gusau, tana fama da asma. Duk ranar komawa, a bakin ƙofa ake karɓe magunguna, har da inhelar da take shaƙa, a kulle a kabad ɗin nas.

Wata Asabar tana sharar aji numfashinta ya sarƙe. Aka ruga ɗakin magani, ashe nas ta tafi biki Bunguɗu da makullin a jakarta. Matar da ke kula da ɗakin kwanansu ta ce aljanu ne, ta lulluɓe ta da zane, ta turara mata tazargade. Yarinyar da ke kokawa da numfashi, Malam, ita aka yi wa hayaƙi! Sai da maigadi ya fasa kwaɗon kabad ɗin aka ɗauko maganin, Allah ya saka masa.

Sau uku ina zuwa wurin shugabar makaranta. Amsarta ɗaya: "Inna, doka ce."

Litinin Saratu za ta koma makaranta. Masu sauraro, ku ba ni shawara: in koya mata ɓoye magani kamar ɓarauniya, ko in sake barin numfashinta a jakar wata?