Wayata Ta Nuna Kore, Amma Na Kasa Yarda

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da kai da dukkan masu saurare. Sunana Sanusi, ina gyaran babur a Anka.

Ban taɓa karatun kwamfuta ba. Sai na ji ana cewa ƙirƙirarriyar basirar nan ta waya tana haɗa wa mutum manhaja in ya faɗa mata abin da yake so. Na ce ta haɗa wa 'yan kabu-kabunmu masu bin hanyar Bukkuyum wata manhaja. Wanda ya wuce lafiya ya danna kore, wanda ya ji motsin 'yan bindiga ya danna ja. Ta haɗa, kowa ya sa a wayarsa.

Ranar kasuwa maƙwabcina Bello ya duba ya ga kore, ya ɗauki fasinja. Ashe sabis ya ɗauke a daji, jan da aka danna bai iso ba, koren jiya ne ya gani. Da ƙafa suka tsira, babur ya tafi.

Na koma wa basirar, ta ba ni haƙuri ta sake rubutu. In ta gyara nan sai can ya lalace, ni kuwa ko layi ɗaya ban iya karantawa. Na ce zan rufe manhajar, Bello da kansa ya ce, "Sanusi, in ka rufe, mi za mu duba?"

Don Allah, wanda ya san aikin nan ya agaza mini. Gobe Innata za ta Bukkuyum ta'aziyya, ta ce in duba mata hanya. Kore nake gani, amma bakina ya kasa ce mata ta tafi.