Na'urar Kunnena Ta Yi Shiru

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Sa'adatu, malama ce ni a wata firamare a Gwaram.

Tun da zazzaɓi ya taɓa mini kunne, da na'urar ji nake rayuwa. Shekara shida ina shiga aji da ita, ina jin karatun yara ina gyara musu, kasuwa ma ni kaɗai nake zuwa. Watan jiya ruwan sama ya tare ni a kan acaɓa, ta jiƙe, ta mutu. Na kai ta Birnin Kudu, aka ce sai Kano. A Kano kuma aka ce an daina yin irinta.

Ranar Litinin hedimasta ya miƙo mini takarda: "Malama, ki huta tukuna, iyaye sun fara magana." Ban ga laifinsa ba. Yara na karatu, bakinsu kawai nake kallo.

Don Allah wanda ya san mafita ya faɗa a shirin nan. Maigidana ne zai saurara. Ni ko kun karanta wasiƙar nan, ba zan ji ba.