Yadda Ubangiji Ya Fito da Ni da Jikata Daga Motar Lantarki

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku ba ni aron kunne. Ga ta nan gare ku, amma ba tatsuniya ba ce, a jikina ta faru. Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu.

Sunana Ladi, matar marigayi Dauda, a nan Romi nake zaune. Ban taɓa shiga aji ba. Da baki na faɗi wannan shaida, sakatariyar zumuntar mata ta rubuta, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. Da tallan kunu na yi renon yarana bayan rasuwar ubansu. Motar da na sani ita ce ta haya, wadda ake tura ta kafin ta tashi, ƙofarta kuma sai kwandasta ya yi mata duka take buɗewa.

To, ɗana Bitrus, autana, Allah ya buɗa masa. Wata rana ya shigo gida da mota fara tas, ban ji zuwanta ba sai ganinta na yi a tsakar gida kamar an ajiye ta daga sama. Ya ce, Mama, wannan ba ta shan mai, wuta take ci. Na ce wace wutar, wadda ake kawo mana ana ɗaukewa kafin ruwan tuwo ya tafasa? Ya yi dariya. Daga ranar muka riƙa kwana da ƙarar janareta. Matarsa Rifkatu takan zolaye shi, wai mota ba ta shan mai amma mai ba ta abinci yana sha kamar raƙumi.

Motar ba ta ɓoye halinta ba. Allon da ke gaban direba yakan yi duhu haka kawai, sai a jira ya ga dama ya dawo. Akwai safiyar da hannun ƙofa ya ƙi fitowa, don hannuwanta a ɓoye suke cikin jikinta, sai ta ji mai makulli ya matso take miƙo su. Bitrus ya kira wanda ya sayar masa, aka ce masa ƙaramin abu ne, ya kashe ya sake kunnawa. Ya kashe, ya kunna, ta yi. Muka ce an gama.

Ni kuwa, gaskiya ɗaya ce, ina jin daɗinta. In an bi da ni ta layinmu nakan gyara zama.

Kun san al'adarmu, in ɗan'uwa ya yi sabuwar mota sai ya kawo ta majami'a a yi mata addu'a bayan sujada. Aka sa ranar Lahadi. Lokacin bazara ne, ruwa ya ƙi sauka, kwanon rufin majami'a yana ƙara don zafi. Bitrus ya ajiye motar a bayan ginin, inda babu inuwa, don kada yara su shafa mata hannu kafin Baba Fasto ya fito. Mu mata muna cikin anko na zumunta, don ranar godiyarmu ce, da kayan kiɗanmu, tuluna da caki da ganguna.

Jikata Tabita, 'yar Bitrus, tana kan fitar da haƙori. Da aka fara wa'azi ta fara kuka, uwarta kuma tana can gaba cikin mawaƙa. Na goya, na jijjiga, ta ƙi. Bitrus ya zo ya raɗa mini in zo ya sa mu a mota mu sha sanyi har ta yi barci. Ya zaunar da mu a baya, ya kunna mana iskar sanyi, ya rufe ƙofa, ya koma ciki da makullinsa a aljihu. Jakata da wayata na bar su a kan benci. Abin da na riƙo sai ruwan leda guda da na shanye rabi.

Yarinya ta yi barci. Ni ma sanyi ya ratsa ni, na gyangyaɗa.

Ku ji inda abin yake. Duk rayuwata, da kunne nake sanin mota tana raye. In ta mutu, ƙara takan tsaya, kowa ya sani. Wannan kuwa shiru take da rai, shiru take a mace. Ta mutu a ƙarƙashina ban sani ba. Gumi ne ya tashe ni, yana bin bayana har zane.

Na duba gaba, allon ya yi baƙi. Na nemi hannun ƙofa, babu abin ja, sai ɗan maɓalli da na ga Bitrus yana dannawa. Na danna. Na sake dannawa. Na danna na gilashi. Na rarrafa zuwa ɗaya ƙofar, ita ma haka. Kamar kana ƙwanƙwasa gidan da aka tashi.

A cikin majami'a kuwa an gama wa'azi, mata sun tashi da waƙar baiko, wadda ake yi lokacin da jama'a suke zuba kuɗin sadaka. Kun san yadda muke in mun kama. Na yi ihu, ni kaina ban ji muryata ba.

Sai ga Baba Yakubu, dattijon ikkilisiya, ya zagayo da kwandon baiko a hannu zai kai ofis. Na buga gilashi da tafin hannu iya ƙarfina. Gilasan gefe masu duhu ne, inuwa kawai ake gani daga waje. Ya tsaya, ya ga hannu yana tashi yana sauka, ganga kuma tana tashi a ciki. Sai bawan Allah ya washe baki, ya ɗaga mini kwando, ya taka rawa kaɗan, ya wuce. A zatonsa tsohuwa tana bin kiɗa cikin sabuwar motar ɗanta.

Nan ne tsoro ya kama ni sosai.

Tabita ta farka da kuka, kukan ya yi ƙarfi, daga baya ya fara raguwa. Wadda ta yi reno ta san wannan raguwar. Fuskarta ta yi ja, kanta yana lilo a kan hannuna. Na tura jikina tsakanin kujeru zuwa gaba, da gwiwoyin nan nawa da ko matakalar majami'a sai an riƙe ni. Yadda na wuce, har yau ban sani ba. Na danna tsakiyar sitiyari yadda na ga direbobi suna yi. Ko tari ba ta yi ba.

Ƙarfina ya ƙare. Kujerar tana ƙona ni, numfashi kamar ana shaƙar tururin tukunya. Na rungume yarinya, na yi addu'a da yarenmu, yadda uwata take yi a ƙauye, don Hausa ma ta gudu daga bakina. Na ce: “Ubangiji, ni na ci nawa, na ga jikoki. In yau ce ranata, ga ni. Amma wannan ko haƙori ba ta gama fitarwa ba. Kai da ka ji Yunusa daga cikin kifi, ganga ba za ta hana ka ji na ba.”

Ban ga haske ba, ban ji murya ba, ba zan ƙara wa Allah abin da bai yi ba. Amma tsoron nan ya sake ni. Hankalina ya dawo, na tuna da sauran ruwan ledar. Na warware ɗankwalina, na zuba masa ruwan, na shafe mata kai da wuya da ƙirji, na ɗiga mata abin da ya rage a baki. Na zauna ina yi mata fifita da shi, kaina a buɗe.

Ashe amsar ke nan, ni ban sani ba.

Saratu, ƙawata tun muna amare a Mahuta, ita ce mai buga babban tulu. Shekaru sun sa ba ta iya riƙe fitsari, kullum tana ƙorafi a kai. Ranar nan ana tsakiyar waƙa ya matse ta, ta miƙa wa wata tulun, ta fito da sauri za ta bayi. Hanyar kuwa ta gaban motar take, inda gilashi yake garau. Ta ɗaga ido ta ga furfurata.

Ita ta gaya mini daga baya, ta ce ko hannu ban ɗaga ba, ban ma gan ta ba. Amma tun da muke, ba ta taɓa ganin kaina a buɗe a harabar gidan Allah ba, balle ranar zumunta da anko a jikina. Ta ce nan take ta san ko dai na haukace ko ina mutuwa. Ta manta da abin da ya fito da ita. Ta koma da gudu ta shiga tsakiyar masu rawa, ta kama hannun mai ganga.

Jama'a suka fito suka kewaye mu. Bitrus ya danna makulli, hannuwan ƙofa suka ƙi fitowa. Ya danna, ya girgiza shi, ya sake dannawa. Ya ciro waya yana neman wanda ya sayar masa, wayar tana ringi ba a ɗauka. Maza suna ta ba da shawara. Wannan ya ce a tura ta, kamar yadda muka saba. Wancan ya ce a buɗe gaba a duba inji, wani ya ce ai ba ta da inji. Wani ya ce kada a taɓa ta da ƙarfe, wuta za ta ja mutum. Rifkatu ta manna fuska a gilashi tana kiran sunan 'yarta. Ni ina ganin bakuna suna motsi kamar kifaye a ruwa.

Saratu ba ta tsaya jin su ba. Ta je gindin mangwaro inda tsohon ƙarfen tayar babbar mota yake rataye, wanda muke bugawa a kira sujada, ta ɗauko sandar ƙarfen da ake buga shi da ita. Ta danƙa wa Bitrus a hannu. Ta ce:

“Kai ka saya, kai za ka fasa. Tsohon tulu da sabon tulu, uwarka da 'yarka, duk suna ciki.”

Ɗana ya dubi motar, ya dube ni. Ba zan ɓoye ba, ya ɗan tsaya. Amma tsayuwar ba ta kai a haɗiye yawu ba. Ya zagaya baya, nesa da mu, ya ɗaga sandar. Bugun farko gilashin ya ƙi. Na biyu ya zube kamar gishiri.

Iska ta shigo. Ya Yesu, iskar bazara mai zafi, amma ban taɓa shaƙar abu mai daɗinta ba!

Ta tagar aka fara karɓar Tabita. Wata nas cikin mawaƙa ta kwance mata kaya, aka yi ta zuba mata ruwa a inuwa, sai ta ja numfashi ta tsala kuka. Mata suka ɗauki guɗa. Ni kuma maza suka zaro ni ta tagar nan kamar buhun masara, Saratu tana biye da gyalenta tana rufe mini kai, tana ce wa mutane su kau da ido. A asibiti aka ƙara mana ruwa, likita ya ce da an ƙara jinkiri da labarin yarinyar ya zama wani. Kafin yamma tana shan nono.

Ga yadda kowa ya ƙare.

Motar, jan ta aka yi. Bakaniken unguwa ya leƙa ya ce shi bai san inda zai sa hannu ba. Sai daga Abuja aka samo wani, ya ce ƙaramin batir ne ya mutu, wanda yake riƙe da ƙofofi, alhali babban cike yake da wuta. Ya nuna wata igiya a ɓoye ƙarƙashin aljihun ƙofa, wai da na ja ta da ƙofa ta buɗe. Wanda ya sayar bai faɗa ba, Bitrus ma bai sani ba. Gilashi kuwa sai da damina ta yi nisa ya iso, kafin nan leda aka manna. An yi mata addu'ar daga baya, ƙofofi duka a buɗe, Baba Fasto ne ya ce a bar su haka.

Bitrus yana nan da ita, bai sayar ba. Amma ko gwamna ne ya shiga, sai ya nuna masa igiyar ya ja da hannunsa kafin a tashi. Rifkatu ba ta yi masa magana ba har Lahadi ta zagayo, yanzu sun shirya. Baba Yakubu ya zo har gida da kaza neman gafara, sai ni na yi ta ba shi haƙuri. Tun ranar, duk Lahadi ana tsakiyar sujada yakan zagaya ya leƙa motoci ɗaya bayan ɗaya. Saratu ta daina ƙorafi kan ciwonta, ta ce ashe aiki aka ba shi. Ni kuma ina shiga motar in ta kama, amma gilashi a ƙasa, ko ana ruwa.

Na gode wa Ubangiji da ya ji ni a inda ba wanda yake ji na. Ku da kuke cikin wani ƙunci, kuna bugawa mutane suna zaton rawa kuke yi, kada ku daina kiransa. Ku dogara gare shi. In kuna neman shaida, ga Tabita can, wadda take jan zanen uwarta tana neman a sauke ta ta yi gudu.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.