Sabon Birki da Matsattsiyar Kujera

A bencin gareji, mai tasi ya kasa ɗauke ido daga jar motar da ake sa wa sabon birki. Ya dubi dattijon da ke gefensa.

"Alhaji, taka ce?"

"Tawa ce. Duk Asabar muna filin tsere."

"To wannan matsattsiyar kujera da suka ɗaura fa? Wallahi ko rabin tumbinka ba za ta ɗauka ba."

Dattijon ya fashe da dariya. "Ai ba ni aka auna ba. Hajiya ke tuƙi, ta fi ni taka mota."

"Ikon Allah! Birkin ma ita ta ce a canja?"

"Ina ruwanta da birki? Ni na matsa, malam. Ni ke zama a gefenta."