Ni Na Fara Yi Wa Ɗanladi Dariya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni direban tasi ne a Karu.

Bara abokina Ɗanladi ya faɗa mana a teburin mai shayi cewa damuwa ta yi masa yawa, har yana ganin likita. Ni na fara yi masa dariya, na ce namiji ba ya kai zuciyarsa asibiti. Alhali abin da ke cinsa shi ke cina.

Yau Ɗanladi ya murmure, yana wasa da 'ya'yansa, kuma wallahi ƙyashi nake ji in na gan shi. Ni kuwa kullum "lafiya lau" nake cewa, ina ta ramewa.

Ku ba ni shawara. Da wane baki zan tambaye shi sunan likitan?