Soket na Ashirin da Huɗu

Da sunan Allah nake farawa, Mai tausayin bayinsa, wanda ya halicci ido ya halicci hannu, bai kuma tara wa kowa duka ba.

Shugaban wannan zama, Pak Haji Mulyanto. Shugabannin ƙungiyarmu ta masu haɗa wutar lantarki, reshen Semarang. Wakilan 'yan acaba da suka ajiye baburansu suka zo. Iyayenmu mata da suka dafa shinkafar da ƙamshinta ke hana ku saurarona. Abokan sana'a manya da ƙanana, assalamu alaikum.

Sunana Kasmuri, shekarata talatin da ɗaya ina jan waya a garin nan. Ina gode wa ƙungiya da ta ce ni zan yi jawabin karrama Bu Sumirah, wadda aka zaɓa gwarzuwar bana. An ce don ni ne mafi tsufa. Ni dai na san akwai mugunta a ciki, domin duk wanda ke zauren nan ya san ba ni da wadda nake wa ƙyashi a duniya kamarta. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan yabe ta, amma ku yi haƙuri in kun ji yabon yana fitowa ta tsakanin haƙora.

Magana uku na zo da su.

Ta farko, littafin ƙa'idojin wuta yana tsufa kamar mai shi. Ni da Bu Sumirah gun mutum ɗaya muka koyi aiki, wato mahaifinta, Allah ya jiƙansa. Ni yake nunawa in baƙo ya zo, ya ce, "Ga hannu nan." Ita kuwa sai ya ce ta cika tambaya. Na haddace littafin nan mai kauri tun ina saurayi, in ka tashe ni daga barci ka kira lambar shafi zan karanto maka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce littafin da na haddace an yi masa kwaskwarima ban sani ba. Ita fa duk farkon wata tana hanyar ofishin da ke fitar da gyare-gyare, ta tambayi na ƙasa, ta tambayi ƙarin da birni ya yi, ta dawo ta zauna da jan biro tana gwada sabo da tsoho layi-layi. Mun sha yi mata dariya a rumfar shayi. Ni ne mai fara dariyar.

Ta biyu, gyaran ba ya zuwa da ganga. Bara ƙungiyar 'yan acaba ta unguwar bakin teku ta sauya zuwa babura masu caji, aka ba ni aikin soket ashirin da huɗu a rumfarsu. Ni aka ba, ba ita ba, kuma wallahi na ji daɗin hakan fiye da aikin kansa. Na jera su tsaf, takwas-takwas a kan layi guda, daidai gwiwa, yadda tsohon littafi ya yarda. Ina ɗaure na ƙarshe sai ga ta a kan babur, ta tsaya ta leƙo.

Ta ce, "Mas Kasmuri, aiki ya yi kyau. Amma ka ga gyaran watan uku kuwa?"

Na ce, "Ke dai Dik, ƙanwata, kina goye a bayan uwarki nake karanta littafin nan."

Ta ce, "Ai shi ya sa nake tambaya, tun lokacin ne ka rufe shi. Yanzu soket ɗin caji kowanne da layinsa, kowanne da mayankin da zai ɗauke wuta in ta fara zurara. A unguwannin da ruwan teku ke shiga kuma, sai an ɗaga soket ɗin ya kai ƙirji. Sufeton wuta zai zo nan da mako biyu, ni ba na son in ga an karɓe maka lasisi."

Na ce ta gaida gida.

Jama'a, ban koma shago don in gyara ba, na koma ne don in kama ta da ƙarya. Kwana biyu ina birkita takardu ina addu'ar kada in samu. Ko kun san inda na samu? A ƙarƙashin ƙafar teburina. Ɗan siririn littafi ne mai shafi goma sha shida, ƙungiyar nan ce ma ta raba mana, ni kuma na ga ya yi daidai da gurguwar ƙafar tebur, na ninke shi na cusa. Wata biyar ina cin abinci a kansa. Na buɗe, ga maganarta nan kalma da kalma, ko wasali ba ta ƙara ba. Ban taɓa jin haushin gaskiya irin na ranar ba.

Ta uku ita ce mai nauyi, ita ce kuma dalilin wannan ƙullin da kuke gani a hannuna. Na koma rumfar na kwance aikina. Na ba kowane soket layinsa, na ba shi mayankinsa, na ɗaga guda ashirin da uku zuwa ƙirji. Da na zo kan na ashirin da huɗu, wanda ke bayan ƙofa, sai zuciya ta ce mini, "Kasmuri, haka za ka bi ta har ƙarshe kamar raƙumi da akala? Bar guda ɗaya a inda hannunka ya sa shi." Na bar shi a gwiwa. Ba gajiya ba ce, ba mantuwa ba ce, ba rashin waya ba ne. Hassada ce tsagwaronta, na faɗa da bakina.

Kwana tara bayan nan teku ya cika da hantsi, ruwa ya shigo unguwa yadda ya saba, sai dai wannan karon ya ɗara na kullum. Wani ɗan acaba mai 'ya'ya uku, Mas Parjo, ga shi can zaune a layin baya, yana tsaye cikin ruwa ya miƙa hannu zai zare wayar babur ɗinsa daga wannan soket ɗin. Mayankin ya ɗauke wutar kafin ya taɓa. Mayankin da ban san da shi ba sai da ta faɗa. Ko abin da ya tsare ni daga ɗaukar rai, nata ne.

Sufeto ya zo ya auna, ya dube ni, ya ce, "Pak, ashirin da ukun nan sun nuna ka san dokar. Wannan ɗayan fa?" Aka dakatar da lasisina shekara guda, ba zan ɗaura ko ƙwan fitila ba sai wani mai lasisi ya sa hannu a takardata. Abokan dariyata na rumfar shayi kowa ya ce hannunsa cike yake da aiki. Bu Sumirah ce ta aiko a karɓi takardun. Wata bakwai ke nan, duk aikin da na yi a garin nan, sunan Sumirah ne a ƙasansa, kuma ko sau ɗaya ba ta ce mini "ai na gaya maka" ba. Da ta faɗa ma da na samu abin riƙewa.

An ce hassada ga mai rabo taki ce. To, Bu Sumirah, ni na zuba miki takin nan shekara da shekaru, ga amfanin gona ya fito. Ƙungiya za ta ba ki allon yabo. Ni ga tawa kyautar: soket na ashirin da huɗu, da gishirin teku a jikinsa. Ki rataye shi a shagonki, a tsayin da kika ga dama.

Allah ya ƙara miki basira, ya tsare 'yan acabanmu a ruwa da tudu, ya raba hannuwanmu da aikin da-na-sani, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuma ku taya ni da amin: Allah ya nuna mini ranar da zan riga ta ganin gyara, ko da sau ɗaya ne kafin in mutu.

Na gode.