Ranar da Malam Haladu Ya Tashi daga Kujera

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma wakilin Hakimi, mai girma Dagaci, Liman da malamanmu, Kansila, 'yan kwamitin sasanta manoma da makiyaya, Hajiya Zaituna uwargidan marigayi, ƙaninsa Alhaji Maiwada, 'ya'yansa da jikokinsa, iyayena maza da mata, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Sunana Najiba, 'yar Awaisu makiyayi da ke bayan rafi. Ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare a Dayi. Hajiya Zaituna ce ta aiko gidanmu, ta ce a samu wanda zai yi magana a madadinmu. Baba ya ce bakinsa ba na taro ba ne, sai aka ce ni.

Malam Haladu Maharazu ya kasance shugaban kwamitin nan shekaru masu yawa. Ya kasance ba ya gaggawar ce wa mutum ya yi laifi. Ya kasance idan aka kawo ƙara, yakan bar mai ƙara ya yi magana har ya gaji, sannan ya tambaye shi ina wanda yake ƙarar. Muna ji ana yi masa tsiya, wai ko akuya aka kawo ƙara sai ya ji ta bakinta. Shi kuma ya yi dariya ya ce ai da tana magana da ya aika a kira ta.

Zan faɗi abin da ya same mu. Na nemi izinin Alhaji Maiwada tukuna, ya ce in faɗa duka, kada in rage.

Kun san al'adarmu. Bayan girbi, mai gona yakan gayyaci makiyayi ya zaunar da shanu a gonarsa don ta samu taki. Lokacin ina aji huɗu a firamare, Alhaji ya gayyaci Baba, ya ce da zarar an kwashe amfani ya shiga. Sai ɗansa Kamalu ya haɗu da Baba a hanya, ya ce an gama kwasa. Baba ya kora shanu ciki. Ashe akwai tarin wake a can ƙarshen gonar, an rufe shi da karmami. Shanu suka cinye.

Malam Haladu yana Matazu wurin biki, Baba kuma ya tafi kasuwar Tsiga, sai kwamiti ya zauna. Alhaji ɗan kwamiti ne, da shi aka zauna. Aka yanke cewa mu kwashe shanunmu da kayanmu mu bar ƙauyen kafin Juma'a. A nan aka haifi Baba, a nan kabarin kakanmu yake. Inna ta fara ɗaure ƙwarya a zane. Ni kuma aka ce in daina zuwa makaranta, tunda tafiya za mu yi.

Da Malam ya dawo, bai ce Baba yana da gaskiya ba. Ya ce bai sani ba, su ma da suka yanke ba su sani ba, domin ba su ji ta bakinsa ba. Ya ce kuma mai ƙara ba ya zama cikin masu yanke ƙararsa. Ya aika aka faɗa wa Baba abin da ake tuhumarsa da shi, aka ba shi lokaci ya nemo shaidunsa.

Ranar zama, a ƙofar gidan Dagaci, kowa ya zo. Ina bayan Inna. Malam ya umarci Alhaji ya koma wurin masu ƙara. Ran Alhaji ya ɓaci.

"Yaya, kai ɗan'uwana ne ko ardon makiyaya?"

"Ɗan'uwanka ne, Maiwada. Ciki ɗaya. Shi ya sa ni ma ba zan zauna ba."

Ya tashi daga kujera, ya kira mataimakinsa Malam Mannir ya zauna, shi kuma ya koma cikin jama'a ya zauna a ƙasa. Ya ce ko ya yanke daidai, Awaisu zai tafi gida yana tunanin jini ne ya yi magana.

Baba yana da in'ina. Da ya fara bayani sai wasu samari suka soma dariya, wani ya ce za a kai la'asar ba a gama ba. Malam ya juyo daga inda yake zaune ya ce, "To a kai. La'asar ɗin ba ta gudu." Aka yi shiru har Baba ya gama. Aka kira Kamalu, ya ce haka ne, shi ya ce an gama kwasa, ya manta da waken.

Baba bai fita tsaf ba. Malam Mannir ya ce al'ada ita ce makiyayi ya zagaya gona tare da mai ita kafin ya saki shanu, kuma Baba bai yi ba. Don haka laifin na mutum biyu ne. Aka ce Baba ya mayar da rabin waken daga rumbunmu, aka janye maganar kora, aka kuma faɗi dalili kowa yana ji. Shekarar nan mun yi ƙarancin wake a gida, amma ban taɓa jin Baba ya ce an zalunce shi ba. Na koma makaranta ranar Litinin.

Mun san Alhaji ya daɗe bai shiga gidan yayansa ba saboda wannan. Mun san Malam ya ji zafin haka, kuma bai canza magana ba. Alhaji, mun ga yadda kuka shirya daga baya, mun ga kai ne ka yi jinyarsa a Funtua har Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya saka maka. Hajiya, ku yi haƙuri. Maraicin ba naku ba ne ku kaɗai, mu na bayan rafi ma an yi mana rashi.

Iyayena 'yan kwamiti, ni yarinya ce, ba ni da ikon ba ku shawara. Roƙo ne nake yi. Girbi ya kusa, za a kawo muku ƙararraki. Duk wanda aka kawo sunansa, ku aika a kira shi kafin ku yanke. Idan ɗan'uwanku ne a ciki, ku tashi wani ya zauna. Mun ga an yi a ƙauyen nan, kuma za a iya.

Na gode da kuka saurare ni har na gama.

Ya Allah, bawanKa Haladu ya zo gabanKa. Bai taɓa yanke wa kowa hukunci a bayan idonsa ba. Ka yi masa hisabi mai sauƙi, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba iyalansa haƙuri. Amin.